Shataletale

Shataletale, ko randabawul, mahaɗar hanyoyi ce da aka gina a siffar da'ira, inda ababen hawa ke zagaya wani dandamali da ke tsakiya, duka ta fuska ɗaya, har kowa ya kai hanyar da zai fita. A shataletalen zamani, motar da ta riga ta shiga da'irar ita ke da hannu, mai shigowa shi ke jira. A ƙasashen da ake tuƙi a hannun dama, kamar Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru, ana zagayen ne saɓanin yadda hannun agogo ke juyawa, don haka mai shigowa hagunsa yake dubawa. A ƙasashen da ake tuƙi a hannun hagu, kamar Birtaniya da Kenya da Indiya, komai yana juyawa ne ɗaya ɓangaren.

Yawancin shataletale ba su da danja. Direbobi ne ke tsara kansu, ta hanyar layin da kowa ya zaɓa tun kafin ya iso da kuma siginar da ya kunna. Idan waɗannan biyun suka tafi daidai, motoci na wucewa ba tare da dogon tsayi ba. Idan suka ɓaci, direba ɗaya na iya tsayar da hanyoyi huɗu.

Suna

Ana rubuta kalmar iri biyu, shataletale da shatale-tale, saboda gaɓoɓi biyun ƙarshe maimaici ne. Ita ce aka fi ji a labaran rediyo da jaridu. Randabawul kuwa aro ce daga Ingilishi, kuma ta fi yawa a bakin direbobi da 'yan tasha. An sauya harafin t na ƙarshen kalmar ta asali zuwa l, domin Hausa ba ta cika ƙare kalma da t ba, in ban da amsa-kama irin su fat. A biranen Nijar sunan Faransanci, rond-point, shi ne a allunan hanya da sunayen wurare.

Tarihi

An daɗe ana gina filaye masu da'ira a biranen Turai don ado, tun kafin a ƙera mota. Tsarin da ya tilasta wa kowa zagayawa ta fuska ɗaya ya fara ne a farkon ƙarni na 20. A 1905 aka yi amfani da tsarin William Phelps Eno a Columbus Circle da ke New York. A 1907 aka yi irin haka a dandalin Étoile na birnin Paris, bisa shawarar mai zanen gine-gine Eugène Hénard. Na farko a Birtaniya an gina shi a garin Letchworth wajen 1909.

Waɗannan na farko suna da babbar illa. A da yawa daga cikinsu mai shigowa ne ke da hannu, na ciki shi ke tsayawa. Muddin motoci ba su da yawa, abin yana tafiya. Da suka yi yawa, sai da'irar ta riƙa cika: ana ta shiga, na ciki sun tsaya suna jiran masu shiga, su kuma sun tare wa na bayansu hanyar fita, har zoben ya kulle baki ɗaya. Wannan ya sa Amurka ta juya wa tsarin baya tun wajen shekarun 1950.

Gyaran ya fito daga Birtaniya. A watan Nuwamban 1966 aka mayar da shi doka a faɗin ƙasar cewa mai shigowa shi zai ba na ciki hanya. Da wannan ƙa'ida da'irar ba ta kullewa da kanta, domin ba a shiga sai an sami gurbi, kuma na ciki kullum yana kan hanyar fita. Injiniya Frank Blackmore na cibiyar binciken hanyoyi ta ƙasar ya ci gaba da aiki a kan tsarin, har ya fito da ƙaramin shataletale wanda tsakiyarsa fenti ne kawai. Shi ne kuma ya tsara wanda ke garin Swindon, da aka buɗe a 1972, inda ƙananan shataletale biyar suka kewaye babba ɗaya.

Faransa ta karɓi ƙa'idar a farkon shekarun 1980, kuma yanzu tana cikin ƙasashen da suka fi kowa yawan shataletale. Sai dai dandalin Étoile, inda manyan tituna 12 suka haɗu, yana nan a kan tsohon tsari, masu shigowa ke da hannu. Amurka ta gina na zamani na farko a 1990 a jihar Nevada.

A Afirka ta Yamma, ƙasashen da Birtaniya ta mulka sun gaji shataletale tare da tuƙin hannun hagu. Najeriya ta koma hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972, Ghana ta bi baya ranar 4 ga Agustan 1974. Daga waɗannan ranaku fuskar zagaye ta juya a kowane shataletale na ƙasashen biyu.

Dalilin da ya sa ake gina shi

A mararrabar hanya huɗu ta yau da kullum, injiniyoyi sun ƙirga wurare 32 da hanyar mota ɗaya za ta iya cin karo da ta wata. A shataletale mai layi ɗaya wuraren 8 ne. Waɗanda suka ɓace su ne mafi muni: karon gaba da gaba, da karon da mota ke dukan wata a haƙarƙari. Haka kuma ana lanƙwasa bakin shiga da gangan don direba ya rage gudu, galibi zuwa tsakanin kilomita 25 da 40 a sa'a. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2001 ya duba mahaɗu 24 da aka mayar shataletale, ya gano cewa haɗurran da ake jin rauni a cikinsu sun ragu da kashi 76 cikin ɗari.

Wannan amfani ya fi fitowa a shataletale mai layi ɗaya. Mai layi biyu ko uku yana dawo da wata matsalar, wato gogayya tsakanin motar da ke layin ciki da wadda ke layin waje, kuma a nan ne zaɓen layi ya zama babban al'amari.

Zaɓen layi

Bayanin da ke tafe na ƙasashen da ake tuƙi a hannun dama ne. Masu koyar da tuƙi sukan kwatanta shataletale da fuskar agogo. Direba yana shigowa daga ƙarfe 6. Hanyar da ke damarsa tana ƙarfe 3, kuma ita zai fara tararwa. Ta gabansa tana ƙarfe 12, ta hagunsa tana ƙarfe 9.

Wanda zai fita ta dama yana isowa a layin dama, ya zauna a layin waje na da'irar, ya fita. Shi ne mafi sauƙi, don ba ya ƙetare layin kowa.

Wanda zai wuce gaba, Kundin Dokokin Hanya na Najeriya ya ce ya iso a layin dama ya ci gaba a cikinsa. Idan layin dama a cushe yake, yana iya isowa a layin hagu, amma sai ya riƙe layin ciki har ya kai mafitarsa. Muhimmin abu shi ne kada ya sauya layi a tsakiyar zagaye. Motoci biyu na iya wucewa gaba kafaɗa da kafaɗa idan hanyar fitar mai layi biyu ce: na waje ya fita a layin dama, na ciki ya fita a layin hagu.

Wanda zai yi hagu, ko zai zagayo ya koma inda ya fito, yana isowa a layin hagu, ya shiga layin ciki kusa da dandamali, ya zauna a nan har ya wuce mafitar da ke gabanin tasa. Daga nan ya duba madubin dama, ya waiwaya ta kafaɗa domin akwai wurin da madubi ba ya nunawa, sannan ya nufi waje. Wannan ne ɓangaren da ya fi ba sababbin direbobi tsoro, shi ya sa da yawansu ke maƙalewa a layin waje su zagaya duka da'irar a cikinsa. A ganinsu sun guje wa haɗari, alhali sun tsaya ne a kan hanyar duk wanda ke layin ciki yana son fita a ƙarfe 12.

Duk wannan yana aiki ne idan babu wata alama. Idan akwai kibiyoyi a kan kwalta ko allo a bakin hanya, su ake bi. Akwai inda layin dama na masu fita dama ne kaɗai, akwai kuma inda layi biyu ke zuwa hagu saboda can ne mafi yawan motoci suka nufa. A shataletale mai hanyoyi biyar ko shida, agogon yana nan da amfani: duk mafitar da ta wuce ƙarfe 12 ana ɗaukarta a matsayin hagu. Allon da ke gabanin shataletale yana nuna taswirarsa, kuma lokacin karanta shi ne lokacin zaɓen layi. Wanda ya bari sai da ya iso bakin da'ira ya makara.

Sigina

Sigina, wadda direbobi ke kira tirafiketa, tana yi wa mutum uku magana a shataletale: na baya, na gefe, da wanda ke tsaye a bakin shiga na gaba yana jiran gurbi. Na ukun ne aka fi mantawa da shi. Idan ya ga siginar dama a motar da ke tahowa, ya san za ta fita kafin ta iso shi, sai ya shiga. Idan bai gani ba, dole ya jira. Mota ɗaya da ta fita babu sigina ta ɓata wa wani daƙiƙu kaɗan, amma idan ɗaruruwa suka yi haka a sa'a ɗaya, layin masu jira ya yi tsawo.

Mai fita ta dama yana kunna siginar dama tun yana tahowa, ya bar ta har ya fita. Mai wucewa gaba ba ya kunna komai a lokacin shiga, sai ya wuce mafitar farko ya kunna ta dama. Mai yin hagu yana kunna ta hagu tun kafin ya shiga, ya riƙe ta yana zagayawa, sannan ya mayar ta dama da zarar ya wuce mafitar da ke gabanin tasa. Lokacin kunnawar yana da muhimmanci. Idan aka kunna ta dama da wuri, mai jira zai zaci motar za ta fita ta wajensa, ya shigo gabanta. Idan aka kunna bayan an riga an karya sitiyari, ba ta gaya wa kowa abin da bai gani da idonsa ba.

Akwai wata 'yar matsala ta injin kanta. Sandar sigina tana komawa da kanta idan sitiyari ya juyo. A shataletale direba yana karyawa dama don shiga, sannan hagu don zagaye, sannan dama don fita, don haka siginar takan mutu a tsakiyar hanya ba tare da ya lura ba. Masu babur suna da akasin wannan: a yawancin babura sigina ba ta mutuwa da kanta, sai mutum ya fita ya yi nisa tana ta ƙiftawa.

Ƙasashe ba su daidaita a kan siginar shiga ba. Birtaniya da Faransa da Najeriya suna koyar da kunna sigina tun daga shiga ga wanda zai zagaya nesa. A Jamus doka ta hana kunna sigina yayin shiga shataletale, ta wajabta ta yayin fita. A Sifaniya hukumar kula da hanyoyi ta nace cewa daga layin waje ake fita, wanda ke ciki sai ya fara komawa waje tun da sauran tafiya. Siginar fita ce kowa ya yarda da ita.

Kurakuran da aka fi yi

Na farko shi ne shiga ba tare da ba na ciki hanya ba. Direban da ke kan babban titi yakan ɗauka hannun nasa ne har cikin da'ira, kamar yadda yake a mararraba idan ƙaramar hanya ta haɗu da babba. A shataletale babu babbar hanya da ƙarama, duk masu shigowa matsayinsu ɗaya. Inda wannan ɗabi'a ta zama jiki, mai babbar mota da mai ƙarfin hali ke wucewa, kuma wurin ya koma irin na kafin 1966, da kullewarsa da komai.

Kishiyar wannan ita ce tsayawa a cikin da'ira don a bar wani ya shigo. Niyyar mai kyau ce, amma na baya bai sa ran burki a nan ba, kuma wanda aka yi wa alfarmar yana iya faɗawa gaban motar da ke ɗaya layin wadda ba ta tsaya ba. Haka nan tsayawa cak a bakin shiga alhali babu kowa a ciki yana jawo a daki mota ta baya, domin na baya shi ma hagunsa yake kallo, ya ga fili, ya ɗauka na gabansa ya tafi.

Sai yanke layi. Direba ya shigo a layin dama, ya miƙe kamar hanya ɗoɗar ce, ya gogi dandamali, ya sake fita a layin dama. Ya ƙetare layin ciki sau biyu ke nan. An fi yin haka da dare ko idan hanya ba kowa, amma abin da hannu ya saba shi yake yi ko da rana. Kusa da wannan akwai fita daga layin ciki a kan ƙurarren lokaci, a yanko ta gaban motar da ke layin waje. Idan direba ya ga babu gurbin fita, ko ya gane ya wuce mafitarsa, abin da ake so shi ne ya sake zagayowa. Ba a yin ribas a shataletale, ba a kuma tsayawa a jira gurbi a layin ciki.

A Najeriya akwai direbobin da ke kunna sigina biyu lokaci ɗaya don nuna cewa gaba za su wuce. Waɗannan fitilu na gaggawa ne, ma'anarsu mota ta sami matsala ko akwai haɗari a gaba. Kuma wanda ke kallon motar daga gefe fitila ɗaya kawai yake gani, sai ya karanta ta a matsayin siginar kwana. Mai jira a bakin shiga yana iya ganin ta dama, ya shigo gaban motar da ba fita za ta yi ba.

Bin hannun da ba daidai ba ya fi yawa ga masu babur da adaidaita sahu: maimakon a zagaya kashi uku cikin huɗu na da'ira don a yi hagu, sai a yanke ta gaban dandamali. Wanda ke shigowa ta hanyar gaba hagunsa yake dubawa, bai tsammaci komai daga dama ba. Ɗaukar fasinja ko sauke shi a bakin mafita shi ma yana da illar da ta wuce wurin da aka tsaya. Mafita ɗaya idan ta toshe, motocin da ke son bi ta nan suna taruwa a cikin da'ira, su tare waɗanda ba ruwansu da wannan hanyar. Saboda haka ne ma ake son direba ya dakata a bakin shiga idan ya hango mafitarsa a cike take.

Manyan motoci, babura da masu tafiya a ƙasa

Tirela ba ta iya zama a layi ɗaya a ƙaramin shataletale. Tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, suna yankowa ta cikin kwana, don haka direban yakan buɗe waje kafin ya karya, ya ci layi biyu. Ƙaramar motar da ta kutsa gefenta tana shiga wurin da jikin tirelar zai rufe nan da daƙiƙu, sau da yawa kuma direban ba ya ganinta. Ana barin babbar mota ta gama zagayenta. Wasu shataletale suna da wani zobe mai ɗan tudu a jikin dandamali, an yi shi ne don tayoyin bayan manyan motoci su hau. Tankar mai tana da nata haɗarin: nauyinta yana sama, ruwan da ke ciki kuma yana karkata zuwa waje a kwana, shi ya sa gudun da ƙaramar mota za ta zagaya da shi lafiya yana iya kifar da ita.

Masu keke da babur sun fi shiga haɗari a bakin shiga da bakin fita. Direban da ke neman gurbi mota yake nema da ido, yakan duba ya kasa ganin babur. A gyaran da Birtaniya ta yi wa kundin dokokin hanyarta a 2022, an bayyana cewa masu keke na iya zama a layin waje ko da za su zagaya nesa, kuma direba kada ya yanko ta gabansu. Wurin tsallakar masu tafiya a ƙasa ana ja da shi baya kaɗan daga da'ira, kamar tsawon mota ɗaya, kuma akwai ɗan tudun da ke raba masu shiga da masu fita, inda mutum zai tsaya ya tsallaka rabi-rabi. Ba a tsallakawa ta kan dandamalin tsakiya.

Iyakar amfaninsa

Shataletale yana aiki sosai idan yawan motocin da ke zuwa daga kowace hanya bai yi nisa da juna ba. Idan hanya ɗaya ta rinjayi sauran, motocinta suna kwarara ba yankewa, masu jira a hanyar da ke gabanta ba sa samun gurbi. A irin wannan yanayi akan sa danja a bakin shiga, ko jami'i ya tsaya yana ba da hannu, kuma a lokacin umarninsa ne ke aiki, ba ƙa'idar na ciki ba. Idan motoci suka fi ƙarfin wurin gaba ɗaya, akan gina gada. Haka aka yi a Kwame Nkrumah Circle na birnin Accra, inda aka buɗe gadojin sama a 2016, da shataletalen Dangi a Kano.

A ƙasar Holan an bi wata hanyar don magance matsalar layi. A shekarun 1990 injiniya Lambertus Fortuijn ya tsara shataletale mai layuka a murɗe, da ƙananan shingaye a tsakaninsu. Direba yana zaɓen layi kafin ya shiga, layin kuma shi ke kai shi mafitarsa, babu damar sauyawa a ciki. Tsarin ya bazu zuwa wasu ƙasashen Turai, ciki har da Poland da Sloveniya.